Na ɗaga hannu zan gyara mata ɗankwali, sai ta kare fuskarta

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce mai shekara 33, ina zaune a Zariya, ina da 'ya'ya huɗu. Ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata, kuma tun da aka yaye ni aka kai ni riƙo wurin goggona, yayar mahaifina. Ban taɓa jin mahaifiyata ta kira sunana ba, idan na je gida sai dai ta ce "ke", ina kallo tana goya ƙannena tana yi musu wasa. Goggo ta ciyar da ni, ta tufatar da ni, ta yi mini aure, amma da wuya rana ta fito ta faɗi ba ta dake ni ba ko ta ce ba zan yi albarka ba. Na sha alwashin ba zan yi wa nawa haka ba. Yanzu babbar 'yata tana da shekara 9, kuma na wayi gari ina yi mata abin da aka yi mini, har kalmomin goggo nake ji suna fita daga bakina. Tun da na haifi na huɗun, wata 8 ke nan, abin ya ƙaru. Ba na iya barci ko da jaririn ya yi, gabana yana yawan faɗuwa, ina kuka ba dalili, kuma abu kaɗan ke tunzura ni. Yarinyar ta koma fitsarin kwance bayan ta daina tun tana shekara 4, malamarta ta ce ta daina magana a aji, kuma shekaranjiya na ɗaga hannu zan gyara mata ɗankwali sai ta kare fuskarta da hannu biyu. Surukata ta ce iska ce, a kai ta wurin mai ruƙiyya, maigidana kuma ya ce sangarta ce, a ƙara mata bulala. Shin ni ce na jawo mata wannan? Shin ta lalace ke nan har abada? Kuma ina da zunubi idan har yau ina jin ɗacin abin da mahaifiyata da goggo suka yi mini?

Uwar yara huɗu, Zariya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata.

Na daɗe ina maimaita karanta inda kika ce ta kare fuskarta, domin duk abin da kike tambaya yana cikin wannan ɗan motsi. Yarinyar ba tunani ta yi ba kafin ta ɗaga hannuwanta, jikinta ne ya riga ya haddace cewa idan hannun Umma ya taso to ciwo ne ke biye da shi. Tunda gaskiya kika nema ba zan yi miki kara ba: duka da zagin da take sha suna da kaso mai yawa a halin da ta shiga, ko da yake akwai wasu abubuwan da dole a bincika, kuma zan zo kansu. Sai dai ki lura cewa mata da yawa sun ga 'ya'yansu suna irin wannan firgita sun ɗauke ta a matsayin ladabi, ke kuwa kin gani hankalinki ya tashi har kika ɗauki alƙalami. Wannan tashin hankalin shi za mu yi aiki da shi.

Idan yaro ya tsorata, jikinsa yakan saki wasu sinadarai, daga ciki har da wanda likitoci ke kira kotisol, waɗanda ke sa zuciya ta riƙa bugawa da sauri, jijiyoyi su ɗaure, hankali ya tattara wuri ɗaya domin neman tsira. Allah ya halicci wannan ne saboda haɗari mai wucewa, kamar kare ya biyo yaro, ya sheƙa a guje ya faɗa jikin uwarsa, ta rungume shi, jikin ya koma daidai. Matsalar tana tasowa ne idan mafakar da kanta ce abin tsoron, domin a nan yaro ba shi da wurin gudu, sai jikinsa ya zauna cikin shirin ko-ta-kwana dare da rana. Ƙwaƙwalwar da ke aikin gadi ba ta da sararin koyon lissafi ko na yin wasa, barcinta ba ya yin daɗi, kuma takan gano cewa shiru ya fi magana aminci, tunda duk abin da aka faɗa yana iya jawo mari. Shirun da malamarta ta lura da shi ina kyautata zaton daga gida ta tafi da shi makaranta.

Likitoci sun daɗe suna bin sawun wannan lamari. Tsakanin 1995 da 1997, wasu likitoci biyu a Amurka, Vincent Felitti da Robert Anda, sun jagoranci wani bincike a birnin San Diego inda aka tambayi manya sama da 17,000 irin wahalar da suka sha a gida suna yara, kamar duka, zagi da wulaƙanci, cin zarafi, ko ganin ana dukan mahaifiyarsu, sannan aka kwatanta amsoshinsu da lafiyarsu. Sakamakon farko da aka fitar a 1998 ya nuna cewa waɗanda suka gamu da iri huɗu ko fiye na waɗannan wahalhalu sun ninka waɗanda ba su gamu da ko ɗaya ba sau huɗu zuwa sau goma sha biyu wajen haɗarin ciwon damuwa, shaye-shaye da yunƙurin kashe kai. A 2016 kuma Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun tattara binciken kimanin shekara 50 da ya shafi yara fiye da 160,000, suka tarar cewa ko ɗan dukan da ake yi da tafin hannu da sunan horo ba ya ƙara wa yaro biyayya, kuma yana tafiya tare da ƙaruwar faɗa, taurin kai da matsalar damuwa. Kada ki ce ai wannan zancen Turawa ne. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a Najeriya a 2014 tare da UNICEF ya gano cewa yara 6 cikin 10 suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma a wajen duka, iyaye da dangi na kusa suna sahun gaba cikin masu yinsa. Abin ya yi yawa har mun daina ganinsa, amma yawansa bai rage masa ciwo a jikin yarinya mai shekara 9 ba.

Na san abin da za a ce miki, domin ni ma da shi aka raine ni. Za a ce ka ƙi naka duniya ta so shi, ka so naka duniya ta ƙi shi, za a kuma ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Akwai gaskiya a cikin maganganun nan, kuma ba na cikin masu cewa a sakar wa yaro ragama ya yi abin da ya ga dama, domin yaron da ba a taɓa ce masa "bari" ba shi ma an cuce shi. Amma duk wanda ya taɓa kallon mai yin baka ko mai saƙar kwando ya san cewa a hankali ake tanƙwara icce, ana jiƙa shi ana lallaɓawa, wanda kuwa ya danna da ƙarfi lokaci guda karya shi zai yi. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam mai suna Diana Baumrind ta yi nazarin iyaye da ƙananan 'ya'yansu a shekarun 1960, kuma abin da ta gano, wanda bincike mai yawa ya ƙarfafa bayanta, shi ne cewa yaran da suka fi nutsuwa da dogaro da kai su ne waɗanda iyayensu suka haɗa doka mai tsauri da jan yaro a jiki da yi masa bayani. Tsauri shi kaɗai yakan haifar da yaro mai biyayya a gaban ido, mai fargaba ko mai ɓoye-ɓoye a bayan ido. Mu kan yaba wa yaron da ba ya ɗaga kai mu ce yana da tarbiyya, alhali sau da yawa ba mu bambance tsakanin mai kunya da mai tsoro ba.

Addinin da muke kafa hujja da shi ma bai tsaya inda muka tsaya ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, sai Aƙra'u ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Manzo ya dube shi ya ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Anas ɗan Malik ya yi masa hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko "tir" ba, bai kuma taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ba ka yi kaza ba. A cikin Muslim kuma akwai hani ƙarara ga yi wa 'ya'ya mummunar addu'a, don kada ta dace da sa'ar karɓa. Wannan na ƙarshen nake so ki riƙe da kyau, domin mu Hausawa mun fi kowa tsoron bakin uwa, amma kuma mun fi sakin sa a kan kofin da ya fashe ko miyar da ta zube. Zanen bulala yakan baje cikin mako guda, ita kuwa "ba za ki yi albarka ba" ke ce shaida a kan tsawon ranta, tunda ga shi bayan shekara ashirin da wani abu tana nan a kunnenki har ta sami hanyar fita ta bakinki. Yaro ba shi da wani madubin da zai ga kansa sai abin da iyayensa suka ce shi ne, kuma idan aka yi ta ce masa daƙiƙi ko marar amfani, gaskatawa yake yi.

Yanzu bari mu koma kanki, domin ba za a gane halin 'yarki ba sai an gane naki. Kunyar ɗan fari tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, haka ma riƙo. A cikin tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 aka buga shi a 1954, an ga yadda uwa ke kauce wa ɗanta na fari da yadda ake ba dangi 'ya'ya su riƙe. Waɗanda suka gadar mana da wannan ba mugaye ba ne, kuma tsarin nasu yana da abin da ya dogara a kai: idan uwa ta janye saboda alkunya, akwai kaka da za ta goya, ta yi wasan jika, ta ɓoye wa yaro ƙosai a ƙullin zane, ko kuma mariƙiya wadda ta daɗe tana marmarin ɗa ta zuba masa duk soyayyarta. Yaro ba lallai sai daga wurin wadda ta haife shi zai sami wannan ba. Mary Ainsworth, wadda ta yi nazarin uwaye da jarirai a ƙauyukan da ke kusa da Kampala ta Uganda a tsakiyar shekarun 1950, ta ga jariran da hannaye da yawa ke raino suna tashi cikin nutsuwa, muddin akwai wadda suka tabbata cewa idan sun yi kuka za ta amsa. Abin da ya same ki shi ne ƙofofin biyu duk sun rufe: mahaifiya ta janye bisa al'ada, wadda kuma aka damƙa ki a hannunta ta ba ki tuwo da tufa amma ba ta ba ki jiki ba. Kin tashi ba ki taɓa ganin yadda ake lallashin yarinya ba, don haka idan ranki ya ɓaci hannunki da bakinki sukan koma ga abin da suka sani kawai.

Akwai wata tambaya da nake so ki yi wa kanki tsakaninki da Allah. Wannan yarinyar ita ma 'yar fari ce. Kina kiran sunanta? Kina iya rungumarta a gaban mutane, ko kuwa wani nauyi yakan kama ki wanda ba ya kama ki game da ƙannenta? Na yi tambayar ne saboda mun baro babban gida mun koma gidan haya mai ɗaki biyu, amma mun taho da alkunyar mun baro kakar da ke cike gurbin. A irin wannan zama, idan uwa ta yi wa 'yar fari kunya, babu mai ɗaukarta. Abin da ya rage mata daga matsayinta na babba sai raino, wanke-wanke, aike, da amsa laifin ƙanne. Idan haka abin yake a gidanki, to ki sani cewa yau ke ce uwar kuma ke ce kakar, kuma babu al'adar da ta isa ta sa a bar yarinya ba mai jan ta a jiki.

Game da tambayarki ta zunubi, ya tabbata daga Manzon Allah cewa Allah ya yafe wa al'ummarsa abin da zukatansu suka raya musu matuƙar ba su aikata ba ko suka furta. Ɗacin da kike ji ciwo ne, kuma ba a kama mutum da laifi don miki yana yi masa zafi. Abin da ke kanki shi ne kyautatawa, ziyara, kyakkyawar magana da addu'a, kuma kina iya yin duk waɗannan alhali kin yarda a zuciyarki cewa abin da aka yi miki bai dace ba. Ban ba ki shawarar ki je ki titsiye su ba, domin da wuya tsohuwa ta amsa irin wannan laifi, kuma za ki iya dawowa da sabon miki a kan tsohon. Idan dai mahaifiyarki na raye kuma wata rana kuka keɓe, kina iya tambayarta a hankali yadda ta ji ranar da aka tafi da ke. Mai yiwuwa ita ma ƙaramar yarinya ce a lokacin, wadda ba a nemi ra'ayinta ba, aka kuma hana ta nuna abin da ke ranta. Wannan ba zai goge abin da kika rasa ba, amma wani lokaci yakan rage nauyinsa.

Abin da na fi so ki gaggauta shi ne lafiyarki. Rashin barci ko da jariri ya yi barci, faɗuwar gaba, kuka ba dalili da saurin fushi, waɗanda suka taso bayan haihuwa suka kuma daɗe haka, sun yi kama ƙwarai da ciwon damuwa na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna gamuwa da matsalar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, kuma a ƙasashe masu tasowa adadin ya kusa kashi 20 cikin 100, wato kusan mace ɗaya cikin biyar. Matan da suka sha wuya a ƙuruciya sun fi shiga wannan haɗari. Ciwo ne kamar hawan jini, ba rashin tawakkali ba ne, ba kuma hauka ba ne, kuma yana jin magani. Daga wasiƙa ba zan iya tabbatar da shi ba, likita ne zai yi wannan, kuma zai so ya auna jininki ya duba maƙoƙo, domin ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo sukan kawo irin waɗannan alamu bayan haihuwa. Tunda a Zariya kike, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, akwai kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Idan zuwa can kai tsaye ya yi miki nauyi, ki fara da asibitin da kike kai jariri riga-kafi, ki faɗa wa ma'aikaciyar jinya abin da kika faɗa mini ba tare da ragewa ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki sanar da likita cewa kina shayarwa, akwai magungunan da suka dace da mai shayarwa, kuma wasu matan zaman tattaunawa da ƙwararre ma yakan ishe su. Idan kuwa tunanin cutar da kanki ko jaririn ya taɓa zo miki, kada ki kwana da shi, ki faɗa wa wanda kika amince da shi ya raka ki asibiti a ranar.

Ita ma yarinyar a kai ta asibiti. Fitsarin kwancen da ya dawo bayan shekaru da dainawa yana iya zama daga tsoro da damuwa, kuma zuwan sabon jariri ma yakan taso da shi, amma yana iya zama daga ciwon mafitsara, ciwon sukari ko taurin bayan gida, kuma gwajin fitsari mai sauƙi zai fayyace da yawa daga ciki. Akwai kuma abin da ba na jin daɗin rubutawa amma barinsa cin amana ne. Idan yarinya ta yi shiru farat ɗaya ta kuma koma fitsarin kwance, wajibi ne a tabbatar babu wanda ke taɓa ta ko yake tsorata ta, a makaranta ne, a Islamiyya, a hanyar aike, ko a cikin gida. Binciken nan na 2014 ya nuna cewa yarinya 1 cikin 4 a Najeriya ta fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin ta kai shekara 18, kuma kaɗan ne ƙwarai ke samun taimako. Yarinyar da ke tsoron uwarta ita ce ta fi sauƙin cuta a hannun mugu, domin ya san ba za ta faɗa ba. Ki tambaye ta cikin taushi, ku biyu kawai, bayan kin tabbatar mata cewa duk abin da ta faɗa ba za a dake ta ba, kuma idan ba ta ce komai ba a karon farko kada ki matsa, ki dai sa ido. Shi kuwa fitsarin, ba da gangan take yi ba, babu yaron da ke zaɓar ya kwana cikin jiƙa. Kada a bari ƙannenta ko yaran maƙwabta su yi mata amalala, kada a shanya shimfiɗarta a bainar jama'a don ta ji kunya. A sa leda a ƙarƙashin zanen gado, ta sha ruwa sosai da rana a rage da dare, ta zaga kafin ta kwanta, idan kuma ta jiƙa ku canza tare ba tare da ko kalma ɗaya ta gori ba.

Surukarki da maigidanki ba sai kin yi jayayya da su ba. Ita Hajiya ki ce mata kin ji kuma za a yi addu'a, sannan ki zama ke ce mai yin ta. Sunna ce idan za a kwanta a karanta Ƙul huwallahu da Falaƙi da Nasi, a tofa a tafin hannu a shafe jiki, kuma idan kika riƙa yi wa 'yarki haka kowane dare, kin haɗa abu biyu a lokaci guda: kin nema mata tsarin Allah, kin kuma fara koya wa jikinta cewa hannun nan yana iya tasowa da alheri. Abin da ba zan yarda ki amince da shi ba shi ne duk wata ruƙiyya da za a daki yarinya, a shaƙa mata hayaƙi, ko a yi ta daka mata tsawa ana cewa da aljani ake, domin wannan ƙarin tsoro ne a kan wadda tsoro ya riga ya cika. Maigida kuma ki same shi a lokacin da hankalinsa yake kwance, ba a gaban yara ba, ki ba shi labarin ɗankwalin kamar yadda kika ba ni, ki roƙe shi ya raka ku asibiti ya ji daga bakin likita, domin wasu mazan sun fi karɓar magana daga can. Ki nemi ku ajiye bulala ku biyun na wata uku ku ga abin da zai faru. Ki kuma faɗa masa a fili cewa kin gaji kuma kina bukatar taimako, ko wata 'yar'uwa ta zo ta zauna da ku na ɗan lokaci, ko shi ya riƙa ɗaukar manyan yaran da yamma ki sami awa biyu ki runtsa. Uwar da ba ta yi barci ba wata takwas, haƙurinta ƙarewa yake yi komai kyawun zuciyarta.

Fushin zai ci gaba da zuwa, kada ki zaci zai ɗauke rana ɗaya. Ki koyi gane alamunsa tun kafin ya kai hannu, ko zafin ƙirji ne ko rawar murya. Manzon Allah ya yi umarni ga mai fushi ya yi shiru, idan yana tsaye ya zauna, idan bai huce ba ya kishingiɗa. Ki kwantar da jariri inda ba zai faɗo ba, ki fita tsakar gida ko ki ɗaura alwala, ki bar hukunci sai kin huce. Idan kin dawo, ki ambaci laifin kada ki ambaci yarinyar da mugun suna: "kin bar ƙaninki shi kaɗai a bakin murhu, wannan haɗari ne" magana ce da za ta koya daga gare ta, "ke ba ki da amfani" kuwa ba ta nuna mata abin da za ta gyara. Horon ya dace da laifin, wanda ya zubar ya goge, wanda ya ƙi dawowa daga wasa a kan lokaci gobe ba zai fita ba, kuma abin da kika ce za ki yi ki cika shi. Ki duba aikin da ke kanta ki rage, shekara 9 ba shekarun riƙe gida ba ne. Kuma ki riƙa neman abin da ta yi daidai ki faɗa mata da baki, da sunanta, ki sa mata albarka ta ji da kunnenta.

Kin tambaya ko ta lalace har abada. A'a, ƙanwata, da izinin Allah ba ta lalace ba. Alƙaluman da na kawo miki suna nuna haɗari ne, ba hukuncin da aka yanke wa kowane yaro ba. Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawai har suka kai shekara 40, ta tarar cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka taso cikin talauci da rikicin gida sun zama manya masu nutsuwa, kuma abin da ya yawaita a tarihinsu shi ne samun aƙalla babba ɗaya da ya riƙe su da ƙauna. Ƙwaƙwalwar yarinya mai shekara 9 tana kan ginuwa, kuma abin da za ta riƙa gani daga yau zai shiga ginin kamar yadda na baya ya shiga.

Ki fara da ranar kitso. Ki zaunar da ita tsakanin ƙafafunki, ki sassauta hannu, kuma tunda ba ta kallon fuskarki maganar za ta fi yi muku sauƙi ku biyun. Ki kira sunanta ki ce mata dukan da zagin da kike yi mata ba daidai ba ne, ba don ita muguwar yarinya ba ce, ke ce ba ki da lafiya kuma kina neman magani, ki ce ta yafe miki. Girmanki ba zai zube ba. Wataƙila ba za ta ce komai ba, wataƙila ta yi kuka, wataƙila kuma ta ƙara rashin ji na 'yan makonni don ta gwada ko da gaske kike, kuma duk wannan ba alamar faɗuwa ba ce. Ranar da kika sake kuskurewa, ki koma wurinta kafin ta yi barci ki gyara. Idan kun dawo daga asibiti ki sake rubuto mini, ina so in ji abin da likita ya ce game da ke da kuma game da ita.